Tacewa, Editin ko Haɗa Hoto: Me Za a Rubuta a Ƙarshen Shiri?

Autan Situdiyo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Agaji nake nema, don gobe da azahar ake son in miƙa aiki. Mun kammala wani shiri na minti 25 a kan marinar Ƙofar Mata, sai shugabarmu ta ce sunayen ma'aikata da ke hawa a ƙarshen shiri a rubuta aikin kowa da Hausa, kada ta ga Turanci ko ƙwaya ɗaya. Mai gabatarwa bai ba ni wahala ba, haka ɗaukar hoto da ɗaukar sauti. Da na zo kan wanda ya kwana uku a gaban kwamfuta yana yankawa yana jonawa, sai na sa masa "tacewa" kamar yadda na saba gani a finafinai. Ya leƙo ya gani ya ce sam, shi ba ma'aikacin hukumar tace finafinai ba ne, in nemo wata kalma ko in cire sunansa. Me zan rubuta?

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam. Auta, rubuta tacewa ka yi gaba. Shekara nawa ana rubuta "tace hoto" a ƙarshen fim, wa ya taɓa kai ƙara? Editanku ne dai da iyayi.

Malamar Hausa:
Ni kam ina bayan editan. Ku tuna daga inda kalmar ta taso. Mace ta jiƙa gero ta kai niƙa, ta dawo ta shimfiɗa ƙyalle a bakin roba ta tace, gasara ta sauka, dusa ta tsaya a sama. Tacewa ke nan, a raba abin so da abin ƙi. Shi ya sa da Kano ta kafa hukumarta a 2001 sunan ya zauna daram, domin aikinta ta duba ta ce a cire wannan, a bar wancan. Edita kuwa zubar da dusa kaɗan ne daga cikin aikinsa. Shi ke yanke shawarar wane hoto zai riga wane, daƙiƙa nawa fuskar tsohon marini za ta yi a allo kafin a nuno hannunsa cikin ruwan baba, ina kiɗa zai shigo, ina za a yi tsit. Auta, gwada "haɗa hoto".

Mai Kyamara:
Malama, da girmanki, amma a gari in aka ce "haɗa hoton nan aka yi" ana nufin ƙarya ce, an ɗora kan wani a wuyan wani. So kike a rubuta a ƙarshen shirin gaskiya cewa wane ne ya haɗa hoton?

Malamar Hausa:
Ka ci wannan. Na janye.

Baba Injiniya:
Yarana, ku bar tsoho ya sa baki. Na shiga aiki a Kaduna jim kaɗan bayan an tattara tashoshin talabijin ƙarƙashin NTA a 1977, kuma na tarar da mutanen da suka fara tun buɗe RKTV, gidan talabijin na Kaduna, a 1962. A wancan lokaci in an ce yanka, yanka ake nufi. Rahoton labarai da fim mai faɗin milimita 16 ake ɗauko shi, a wanke, a ɗaga shi a haske ana dubawa, a sa a ɗan inji a datse, a liƙe bakin da baki. Abin da aka yar yana nan a ƙasa kana taka shi. Daga baya kaset ɗin U-matic ya zo, sannan Betacam. Nan kuma inji biyu ne, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa, a jere ake tafiya daga farko zuwa ƙarshe. In ka kai minti na 20 oga ya ce yana son a cusa wani abu a minti na 3, sai ka yi salati ka sake daga can.

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wani a ɗakin injuna ya kira aikin da Hausa ba. Editin muke cewa. Kuma na daɗe ina lura da wani abu. Duk kalmar da ta zama dole a faɗe ta ga mai sauraro, ta samu Hausa mai kyau. Kai tsaye. Maimaici. Tauraron ɗan Adam. Gajeren zango da matsakaicin zango. Mai gabatarwa ba shi da yadda zai yi, sai ya gaya wa manomi a ƙauye inda zai murɗa ya kama Kaduna, to sai ya ce a kan mita 49 gajeren zango, ya faɗa da safe ya faɗa da dare har ta zama ta kowa. Amma kalmar da ta tsaya a bayan kyamara, tsakanin mu ma'aikata da muka yi kwas da Turanci, ba wanda ya matsa mana, sai muka bar ta yadda ta zo. Yau ga Auta an matsa masa, shi ne kuke jin ƙara.

Malamar Hausa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Zango na cikin kalmomin da nake yi wa ɗalibai misali da su. Ta fatake ce, tafiyar da ayari zai yi kafin ya sauke kaya ya huta. Wanda ya ɗauko ta ya ɗora wa rediyo ya san harshensa.

Baba Injiniya:
Ya sani, sai dai ta ruɗa mutane da yawa. Suna zaton gajeren zango ba ya nisa, alhali shi ne mai zuwa ƙasa ya ƙasa. Tsawon igiyar ne gajere. Takan haura sama ta bugi wani rufi na iska ta dawo ƙasa can da nisa, shi ya sa mutumin Kumasi ko Sudan ya riƙa kama Kaduna, kuma shi ya sa mu muke jin Landan tun da BBC ta fara Hausa a 1957.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina karanta ku ina dariya, don mu nan wannan aikin montaj muke ce masa, mai yin sa montar. Akwatin kanta tele ce, eriya antan, dish ɗinku parabol, rimot telekomand, talla a bakin ma'aikata piblisite. Amma maganar Baba gaskiya ce har a nan. In ɗan jarida ya zauna karanta labaru da Hausa a Télé Sahel ko Muryar Sahel, kai tsaye zai ce, tauraron ɗan Adam zai ce, kamar na Kano. Yana fita daga ɗaki ya koma dirak da satelit. Ke nan abin da aka fassara shi ya haɗa mu, abin da aka ara ya raba mu.

Baba, ina da tambaya tun ina yaro. Mahaifina ya taɓa sayo tele mai kala daga Kano, muka kawo gida muka kunna tashar Yamai, sai ga hoto fari da baƙi. Har ya rasu yana cewa ɗan kasuwar ya cuce shi.

Baba Injiniya:
Allah ya jiƙansa. Ɗan kasuwa bai cuce shi ba, ɗana. A lokacin Najeriya tsarin PAL take bi, ku kuma SECAM na Faransa. Dukansu layi 625 ne, hoto 25 a daƙiƙa, shi ya sa hoton ya fito. Yadda suke ɗora launi a kan hoton ne ya bambanta, akwatin PAL ba ta jin yaren launin SECAM, sai ta ba ku fari da baƙi. Amurka kuma nasu daban, NTSC, layi 525, hoto kusan 30 a daƙiƙa, saboda wutarsu na bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Daga baya ne aka cika kasuwa da akwatunan da ke cin kowane tsari.

Ɗan Damagaram:
Ikon Allah. Shekara talatin da wani abu muna zagin bawan Allah a banza.

Mai Ɗaura Dish:
Ku masu ofis kuna ta neman kalma, mu a kan kwano kwastoma ne ke ba mu tasa. Ba wanda ya taɓa kirana ya ce ƙarfin sigina ya ragu. Cewa za a yi "tasha ta gudu", ko "hoto na daskarewa", ko "yana farfashewa". Wata Hajiya ta ce mini malaminta na tafsiri ya koma mai in'ina. Ina jin haka na san iska ta ɗan karkatar da dish ne ko ruwa ya shiga wayar. Da can zamanin eriya da gora cewa ake "yana shinkafa", a tura yaro waje yana juya gorar ana yi masa ihu daga ɗaki, ya yi, ya yi, a'a koma baya. Yanzu babu shinkafa. Ko hoto ya fito tas, ko ya farfashe ya ɗauke.

Kuma tauraron kusan kilomita 36,000 yake a sama, ka ga kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba a kan rufi ta isa ta sa ka wuce shi. Mai son tashoshin Larabawa ko ka juya masa Nilesat a digiri 7 yamma ko Arabsat a 26 gabas. Hadari na haɗowa kuma ƙaramin dish ya fara shure-shure, mutane su ce aikinka ne bai yi kyau ba.

Malamar Hausa:
"Tasha ta gudu" ta fi duk abin da za mu zauna a kwamiti mu ƙirƙira. Amma tunda ka taɓo wannan, bari in fitar da abin da ke cina. Kalmar "zamani" ta zama bargon rufe lalaci. Da aka fara sauya tsarin watsa talabijin a Jos a 2016, abin da na riƙa ji shi ne an koma "tsarin zamani". Wane zamanin? Kaset ma na zamani ne a ranarsa. Duk abin da mai fassara ya kasa, sai ya ce na'urar zamani ya wuce. Gara a ce dijital a yi bayani sau ɗaya.

Mai Kyamara:
Yau Malama da kanta ke cewa a ari kalma? A rubuta ranar.

Malamar Hausa:
Ban taɓa ƙin aro ba. Talabijin aro ce, rediyo aro ce, lasifika aro ce. Majigi ma daga sunan Turanci na fitilar nuna hoto aka lanƙwaso ta tun zamanin da ake yawo da mota gari gari ana haska bango, yau wa zai ce ba Hausa ba ce? Abin da na ƙi shi ne kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu, ko kalmar da ba ta ɗauki komai ba.

Maman Hanif:
Yauwa, Malama kin kawo ni gida. Ni a sashen kasuwanci nake, kuma a wurinmu kalma mai kaya biyu kuɗi take jawowa a yi asara. Auta, kafin ka damu da edita, me ka rubuta wa shugabarku?

Autan Situdiyo:
Anti, "ɗaukar nauyi" na sa mata, kamar yadda ake yi wa babban furodusa a fim.

Maman Hanif:
Goge shi yanzun nan. A fim mai ɗaukar nauyi shi ne wanda ya zuba kuɗin aikin, na yarda. A gidan talabijin kuwa in mai gabatarwa ya ce "wane ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri", kamfani ne da ya biya aka ambaci sunansa a farko, a tsakiya da ƙarshe. In shirinku na da irin wannan kamfani, ya ga an rubuta sunan wata a matsayin mai ɗaukar nauyi, ranar za ka san ana kiran waya. Ka sa mata "jagorar shiri" ko "shugabar shiri".

Mu kullum cikin wannan muke. Mutum zai shigo ya ce yana son talla. To wace iri? Akwai sanarwa, wadda za a ba mai gabatarwa takarda ya karanta, irin ta ɗaurin aure ko buɗe sabon shago. Akwai jingil, wanda za a shiga situdiyo a ɗauki murya a sa kiɗa, na daƙiƙa 30 ko 45 ko 60, a riƙa saka shi sau kaza a rana. Akwai rubutun nan mai gudu a ƙasan allo. Akwai ɗaukar nauyi. Akwai kuma sayen fili, mutum ya biya minti 15 ko 30 ya zo ya yi abinsa. Kowanne da farashinsa, kuma na bayan labaran dare ba ɗaya yake da na hantsi ba. Amma a bakin kwastoma duk talla ce.

Wani Alhaji mai shagon atamfa ya taɓa biyan kuɗin sanarwa sau uku, ya tara iyalinsa a falo suna jiran su ga shagon da 'yan mata suna juyi cikin leshi. Sai ga yaro ya karanta layi huɗu ya wuce. Washegari tun kafin in ajiye jaka yana bakin ofis. Kuma laifina ne, don da ya ce talla ban tsaya na tambaye shi abin da yake gani a ransa ba. Tun daga ranar sai na kunna wa mutum samfurin kowanne a waya kafin in karɓi sisinsa.

Mai Ɗaura Dish:
Hajiya, sayen fili kuma? In na ji wannan sai in tambaya ko akwai takardar mai unguwa.

Maman Hanif:
Ka yi dariya, amma an taɓa tambayata ko hamsin bisa hamsin ne.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne rubutun talla da ake aiko mana daga Legas. An rubuta da Turanci an auna daƙiƙa 30 cif, a ce a mayar Hausa kuma kada ya wuce 30. Hausa ba ta tafiya haka, tana son gaisuwa, tana son numfashi. In ka bi kalma da kalma sai ka tashi da 40. Daga nan ko ka zubar da rabi, ko mai murya ya yi ta gudu kamar ana bin sa. Shi ya sa kuke jin ƙarshen tallar magani, wurin "idan ciwo ya ci gaba a ga likita", ana karanta shi kamar addu'ar mai jin fitsari. Ba ka isa ka cire ba kuwa, don tallar magani sai NAFDAC ta amince da ita, ga kuma ARCON, hukumar kula da talla, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ma tana duba talla kafin ta fita. Ni dai yanzu cewa nake su ba ni saƙon, su bar ni in rubuta da Hausa tun daga tushe.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, tunda ke ce a wurin, me ya sa talla ke fin shiri ƙara? Kana kallo lafiya lau, tana shigowa sai jariri ya farka.

Maman Hanif:
Wannan a tambayi su Baba, ni takarda nake sa wa hannu.

Baba Injiniya:
Ba lallai ne an ƙara murya ba. Matse sautin ake yi. Maganar mutum tana da tudu da kwari, wani wuri ya ɗaga wani wuri ya sassauta. Mai haɗa talla sai ya danne tudun ya ɗago kwarin, ya tura duka zuwa iyakar abin da aka yarda. A allurar inji bai ƙetare layi ba, a kunne kuwa kamar an buga maka ganga. Abin ya dami mutane har Amurka ta yi masa doka a 2010. Nan gida maganinsa mai kula da sauti ya zauna a kujerarsa ya daidaita, maimakon ya fita shan shayi da zarar an tafi talla.

Autan Situdiyo:
"Matse sauti", na rubuta. Baba, wannan gilashin da mai karanta labarai ke kallo rubutu na hawa fa?

Mai Kyamara:
Allon satar amsa.

Baba Injiniya:
Ja'iri. Gilashi ne aka jingina a karkace a gaban idon kyamara, allo na kwance a ƙasa, rubutun na haskowa a jikin gilashin. Mai karatu na ganin rubutu, kyamara na ganin mai karatu ta cikinsa. Ka ce madubin karatu, kowa zai gane.

Mai Kyamara:
Tunda ana tara kalmomi, a sa koren bango. Wannan ma ba wanda ya ƙirƙira, yaran situdiyo ne suka fara faɗa ta zauna. Kwamfuta ake gaya wa ta cire duk abin da yake kore ta sa wani hoto a madadinsa. Wata shekara ranar 1 ga Oktoba muka gayyato wani dattijo hira kai tsaye, ba wanda ya tuna ya gaya masa abin da zai sa. Ya zo da kishin ƙasarsa, babbar riga koriya shar, hula fara. Yana zama na duba allo, sai ga kai da hula da tafin hannu biyu suna yawo a kan hoton tuta. Saura minti huɗu a hau. Direbanmu muka tuɓe wa riga, ya zauna a mota da singileti har aka gama.

Malamar Hausa:
Wayyo cikina. To ka ga wannan dattijon da an ce masa "Baba, bangonmu kore ne, kada a sa kore", ai ya gane. Da Turancin aka faɗa masa sai ya ce to, ya zo da rigarsa.

Shugaban Zaure:
Jama'a hira ta yi daɗi, amma yaro na jira kuma dare na yi. A ba shi kalmar edita.

Malamar Hausa:
"Tsara hoto da sauti".

Mai Kyamara:
Tsara hoto aikina ne. Ni ke cewa a matsa hagu, a sauke fitila, a kawar da bokitin can.

Baba Injiniya:
"Yanka da jeri". Abin da hannu ke yi ke nan tun zamanin reza.

Autan Situdiyo:
Baba, na karanta masa. Ya ce da mahauci gara ma'aikacin hukuma.

Ɗan Damagaram:
Ku ari montaj mana, ba za mu karɓi haya ba.

Autan Situdiyo:
Na gaji na kira shugabar na karanta mata duka. Ta yi shiru, sai ta ce wai wa ya gaya mini edita Turanci ne? Ta ce tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Hausawa ke ce wa Abubakar Imam edita, kakarta ma ta san kalmar. In rubuta "Edita" in sa sunansa in kashe kwamfuta in tafi gida.

Malamar Hausa:
Tana da hujja. Har jam'i gare ta, editoci. Ban so ba, amma ba ni da abin cewa.

Mai Kyamara:
Shi gogan ya yarda?

Autan Situdiyo:
Ya yarda, har ya ce a ƙara girman rubutun. Saura mutum ɗaya. Yaron da ya wuni a rana a bakin rijiyoyin rini yana ɗage da doguwar sandar nan mai makirufo a kai, shi me zan sa masa?

Maman Hanif:
Ka fara tambaya ko an biya shi kuɗin ranar.